Gyaran Jirgin Kawu Haladu

Tun ranar da na dawo daga Sabuwa mutanen majalisarmu suka sa ni gaba. Da na zauna wajen mai shayi sai wani ya ce, "Ya'u, wai jirgin nan ya tashi kuwa?" Wani ya ce shi ya ji har Funtua aka kai shi. Akwai ma wanda ya daina kiran sunana, sai Direban Sama. Ni dai dariyar yaƙe nake yi in ce a bar maganar, domin a wurina abin ba na dariya ba ne. Amma na lura in ban faɗa da bakina ba, za su ƙera nasu labarin su jingina mini. To ga yadda aka yi, daga nan a ƙyale ni in sha shayina.

Ni mai walda ne a nan Ƙanƙara, ina kuma buga jikin mota idan ta yi karo. Jirgin sama kam ban taɓa ko leƙa cikinsa ba. Mai jirgin kawuna ne, Kawu Haladu, yayan mahaifiyata. Kafinta ne tun yana saurayi, kuma shi ke gyara injin ban ruwa a yankinsu. Shekara tara ya yi yana haɗa jirgi a zauren gidansa, a wani ƙauye yamma da Sabuwa wanda ba zan kama sunansa ba. An yi masa dariya har an gaji. Shekara uku da suka wuce 'yan bindiga suka tashi ƙauyen. Kowa ya ɗauki hatsi da tabarma, shi kuwa ya ɗora jirgi a amalanken shanu, ya sa wa ƙofar gida kwaɗo, ya bi ayari zuwa Sabuwa.

'Yarsa Binta ce ta kira ni. Taubashiyata ce, tun muna yara ba ta taɓa buɗe baki ba tare da ta ce mini bawanta ba. Ranar nan ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Ya'u, Baba ya hau abin nan. Ya yi karo da amalanke."

Na ce ya ji ciwo?

"Goshi ne ya hwashe kaɗan. Ba shi ne damuwata ba. Cewa ya yi da an gyara zai tashi da shi ya leƙo gida. Mai unguwa ya ce ba mai ƙara taɓa shi sai gwani ya duba, Baba ya ce kai ne gwanin. Ka zo ka ce mashi ba ya gyaruwa."

Na ce, "In yana gyaruwa fa?"

Ta ce, "Ka ce ba ya gyaruwa," ta kashe wayar.

Washegari da hantsi ina tasha da buhun kayan aiki. Bazara ce, tun safe rana ta fara gasa mutane. Motar ta cika amma direba ya ƙi tashi, yana tsaye bakin titi yana hangen kudu. Na san dalili, kowa ma ya sani: sai an ga motoci sun fito daga can ake shiga hanyar. Da biyu suka iso ya tare su, suka ce lafiya lau, sannan ya ce bismillah. Kusa da ni wata Hajiya ce mai sayar da daddawa, ta ɗora mini kwandonta a cinya ba ta ko tambaye ni ba. Har yau in na buɗe buhun nan ƙamshinta nake ji.

Daga Ƙanƙara zuwa 'Yargoje hira ake yi, ana musun farashin takin zamani. Muna wuce 'Yargoje motar ta yi tsit kamar an yi mutuwa. Direba ya kashe rediyo, ya ce kowa ya sa wayarsa a shiru. Na ga ƙauyuka a gefen hanya babu ko kaza, rumbuna a buɗe, wata makaranta an cire mata ƙyamare. Hajiya tana jan carbi, tana nuna mini da haɓa: nan gidan ƙanwarta ne da, can aka ɗauke surukinta. Tana faɗa kamar mai nuna wa baƙo rumfunan kasuwa. Muna cikin haka direba ya faɗa rami, buhuna ya yage, sifanoni suka watse ƙarƙashin kujeru. Ba wanda ya yarda a tsaya, sai da muka kai Sheme na bi su ɗaya bayan ɗaya. Lamba goma sha uku ban same ta ba har yau.

Ba hanyar Sabuwa ba ce kai tsaye, amma dole in biya Faskari, domin abokina Isiya mai faci yana da ƙaramin injin walda mai jannareto da zan ara. A shingen shiga gari 'yan sintiri suka sauke mu, kowa ya buɗe kayansa. Wani dogo mai layu a damtse ya zazzage nawa, ya ga zarto da guduma da sandunan walda, ya ce ina za ni da waɗannan?

Ni da wautata sai na faɗi gaskiya. Na ce, "Jirgin sama za ni gyarawa a Sabuwa."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Mu za ka mayar mahaukata? Zauna can."

Motarmu ta tafi ta bar ni, Hajiya tana leƙowa ta taga tana cewa Allah shi fid da ni. Na zauna gindin dalbejiya tun kafin azahar har aka kira la'asar. Ba wanda ya taɓa ni, har ruwa suka ba ni, amma duk wanda ya zo karɓar aiki sai an nuna masa ni a ce ga mai gyaran jirgi, su kwashe da dariya. Sai da wani dattijo a cikinsu ya zo, ya ji labari, ya ce, "Halan na Baba mai jirgi ne? Ku sake shi, gaskiya yaka hwaɗi. Akwai jirgin, na gan shi da idona." Da zan wuce ya riƙe hannuna ya ce in gaida tsohon, shi ma garinsu babu kowa yanzu.

Bayan la'asar ba motar da ke fita Faskari, don haka na kwana gidan Isiya. Abin da ya ba ni mamaki, rana ba ta faɗi ba aka kawo tuwon masara da miyar kuka. Mu a gidanmu sai bayan magariba ake zuba tuwo. Na ce, Isiya, azumi kuka yi ne kuke gaggawa? Ya ce a'a, su yanzu da wuri suke ci, don in an ce a gudu a gudu da abinci a ciki. Na lura kuma kowa a gidan, har matarsa, a bakin ƙofa yake jera takalmansa, hancinsu na kallon waje. Tuwon ya yi daɗi, an zuba man shanu, amma kaɗan na ci na tsame hannu.

Da safe muka ɗaure injin walda a bayan wata motar ɗaukar masara, na hau sama na zauna kan buhuna. Muka bi ta Daudawa, inda na sayi ɗanwake a leda, barkono ya shiga mini ido na yi ta hawaye mutane na ba ni haƙuri. Daga nan muka yi Ɗandume, na sauya mota. Wani manomi da muka zauna tare ya nuna mini gonakin bakin gari, ya ce bana ma waken suya da gyaɗa za su shuka, ba dawa, domin dawa tana tsawo, mutum yana ɓuya a ciki. Ya ce ƙasar da ta ciyar da kakansa ga ta can yana hange, shekara huɗu bai taka ta ba.

Na isa Sabuwa da azahar. Kawu da Binta da 'ya'yanta huɗu suna zaune a ɗaki biyu na wani gida da aka ba su aro a ƙarshen gari. Mijinta yana cikin waɗanda ba su fito daga ƙauyen ba. Ta kawo mini fura, ta dube ni ta ce na rame, halan matata ba ta iya tuwo ba. Na ji daɗi da ta tsokane ni, na ce ai ƙazamar fura irin tata ce na tuna ta hana ni cin abinci. Ta yi murmushi kaɗan, ta rage murya ta ce, "Ka tuna abin da na ce maka."

Kawu ya fito da filasta a goshi. Ya haura saba'in, ya bushe kamar kara, amma idonsa na nan garau. Na durƙusa na gaishe shi. Bai bari na gama tambayar jiki ba ya ce, "Taso ka gani."

A bayan gida yake, ƙarƙashin rumfar buhuna. Jama'a, ni na ɗauka tarkace zan gani. Wallahi jirgi ne. Gangar jikin bututun ƙarfe ne siriri, an haɗa shi da kyau har na ji kunyar waldata. Injin na wani babban babur ne mai silinda biyu. Tayoyin na baro ne, kujerar kuwa ta roba ce aka yanke mata ƙafafu. Farfela da hannunsa ya sassaƙa ta daga maɗaci. Fikafikan katako ne aka lulluɓe da yadi, aka shafe da farin fenti har ya yi tauri kamar fatar ganga. A gaban kujera, inda direba zai riƙa kallo, wani mabuɗi ne rataye da igiyar fata. Na taɓa shi na ce wannan na tayar da inji ne? Ya ce, "Na gida ne."

Ya gaya mini yadda karon ya faru. Da sassafe suka tura shi filin ƙwallo na bayan gari, ya tayar, ya riƙa gudu a ƙasa don ya ji yadda yake amsa hannu. A zagaye na uku wutsiya ta ɗaga, ya ji tayoyi sun fara sauƙi. Daidai nan wani mai kai taki gona ya ratso filin da amalanke. Shanun suka ji ƙara suka firgita, suka yo kansa. Bakin fiffiken hagu ya daki amalanken, jirgin ya juya ya kifa hanci cikin taki. Mai shanun ya yafe, ya ce shi dai a daina.

"Ya so ya tashi, Ya'u," in ji Kawu. "Na ji shi a jikina. Saura kaɗan."

Na ce, Kawu, wai in ya tashi ina za ka?

Ya nuna yamma da hannu. "Gida. A ƙasa tahiyar awa biyu ce, a sama ko minti goma ba za a yi ba. Ba sauka zan yi ba. Wani ya ce mani sun ƙone gidan, wani ya ce yana nan da kwanonshi. Wani ya ce sun sare tsamiyar da ke kan kabarin uwar Binta. Shekara ukku kowa da abin da yake ce mani. So nike in gani da idona kahin ruwa ya sauka, in dawo in kwanta."

Sai na buɗe buhu na fara aiki.

Na duba shi yadda nake duba motar da ta yi karo: a fara daga inda ya bugu, a bi ƙarfen har inda bugun ya mutu. Ƙafar da ke riƙe da tayar hagu ta lanƙwashe, walda biyu sun buɗe a gindinta. Farfela ta rasa kunne ɗaya. Haƙarƙarin katako uku sun karye a bakin fiffike, yadin ya yage kamar kamu biyu. Na cire fulogi na juya injin da hannu, na sa kunne, ban ji wani abu na gogar wani ba. Na ɗaure zare daga hanci zuwa wutsiya na auna, gangar jikin ba ta karkace ba. A gaskiya ɓarnar ba ta kai ta motar da ta daki akuya ba.

Da na shiga cin abinci Binta ta tare ni a zaure. Na ce mata ba zan iya duban idon Kawu in yi masa ƙarya a kan ƙarfe ba, abin yana gyaruwa. Ta ce, "To ka gyara. In ya hwaɗo kai za ka tsinto shi." Daga ranar ta daina tsokanata. Sai ta aje kwano a bakin rumfa ta juya, ko bawana babu.

Kwana uku muka yi muna aiki, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsu. Na gasa ƙafar na miƙe ta, na sake walda, na ƙara mata ƙarfe a gindi. Kawu ya zauna kan turmi yana sassaƙa sabuwar farfela, yana ɗora ta kan ƙusa ya ga ko wani kunne ya fi wani nauyi, ya kankare, ya sake ɗorawa. Ya yi sababbin haƙarƙari uku, na riƙe masa yana shafa gam. Har waƙa na ji yana yi ƙasa-ƙasa. A raina na fara cewa wa ya sani, watakila tsohon nan ya ba duniya kunya.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. A cikin kowane fiffike akwai dogon katako guda tun daga gindi har baki, shi ke ɗauke da nauyin komai. Kawu azara yake ce masa, kamar ta rufin soro. Ni kuma na sani daga aikin mota, in abu ya bugu a baki, a gindi yake tsagewa. Sau biyu ina ɗaukar reza zan buɗe yadin wajen gindi, sau biyu yana cewa, "Nan lahiya lau yake, kada ka ɓata mani yadi." Na bar shi, amma raina bai kwanta ba.

A rana ta huɗu da safe aka zo aka kira shi jana'izar wani ɗan ƙauyensu. Yana fita na ɗauki reza na tsaga yadin gindin fiffiken hagu. Azarar na nan sumul, an goge ta, an shafa mata fenti. Har na ji kunyar kaina. Sai na ɗauki ƙaramar guduma na ƙwanƙwasa, yadda mata ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin su saya. Katako mai lafiya ƙara yake yi, ƙal, ya amsa maka. Wannan sai ya ce buf. Na matsa gaba, buf. Na kankare fentin da bakin wuƙa, sai ga ƙananan ramuka birjik, kowanne an cike shi da garin katako da gam, an goge har ba ka gane wurin. Na dafa sukudireba a kai, ban ko danna da ƙarfi ba ta shige har mariƙi. Da na zaro ta jar ƙasa ta biyo, tana zuba kan ƙafata.

Gara ce. Na zagaya na buɗe na dama, shi ma haka.

Daga baya Binta ta gaya mini yadda aka yi. Da suka iso Sabuwa mutanen unguwa suka tsorata, suka ce in labari ya kai daji cewa akwai jirgi a nan, ko ya kai wa hukuma, su za a sha. Sai aka kwance fikafikan aka kwantar bayan gida, aka jibga musu karan dawa, kowa ya ɗauka abincin dabbobi ne. Kawu ya ɗora su kan duwatsu, ya zuba toka, ya shafa baƙin mai. Amma karan yana taɓa ƙasa, kuma damina biyu suka yi a ciki.

Ina durƙushe da ƙasar a tafin hannuna na ji inuwa a kaina.

"Ka gani ke nan," in ji Kawu.

Na ce, "Kawu, kai ka toshe ramukan nan?"

"Yo wa zai toshe su haka in ba ni ba?"

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da muka yaye karan."

Na ce, Kawu, wannan ba zai ɗauki mutum ba. Da ya bar ƙasa iska ta cika shi, naɗewa zai yi. Shanun nan da kake jin haushinsu, su suka tsare maka rai.

Ya zauna kan turmi, ya cire hula ya aje a gwiwa. "Na san zai karye," ya ce. "Amma ba lallai a tahiya ba. Wataƙila sai a dawowa."

Na ce a sake azara mana. Ya ce wannan icen a dajinsu ya sare shi, miƙaƙƙe ne mara nauyi, shekara uku yana shanya shi a inuwa yana juyawa. Wa zai shiga dajin yanzu? In ma an samo, wa ya ba shi shekara uku? Na ce in sa bututun ƙarfe. Ya yi murmushi ya ce in na sa ƙarfe ko ɗan tsako ya fi shi tashi, injin ba zai ja ba. Duk abin da na kawo ya riga ni tunaninsa tun bara.

"Ya'u, ban kira ka don ka gaya mani abin da na sani ba. Mai unguwa nike so ka gaya ma. Kai ɗan ƙanwata ne. Kalma ɗaya ce, ka ce lahiya lau. Abin da ya biyo baya tsakanina da Allah ne, ba ruwanka."

Tunda nake ban taɓa jin Kawu ya roƙi wani abu ba. Shi ya yi mini akwatin aure, shi ya saya mini gudumata ta farko. Na yini ina zagaya jirgin ina ɗaure abin da na riga na ɗaure. Binta ta ce in yi ƙarya in ce ba ya gyaruwa, Kawu ya ce in yi ƙarya in ce ya gyaru, ni kuwa da ma a ce ina shingen Faskari ana mini dariya. Na ji haushin garar, na ji haushin mutanen unguwa, na ji haushin waɗanda suka kori tsoho daga ɗakinsa har sai ya hau sama kafin ya ga rufinsa. Haushin bai gyara komai ba.

Bayan la'asar mai unguwa ya zo da dattawa uku. Binta ta tsaya a ƙofar zaure da mayafi a baki. Mai unguwa ya ce, "To, Malam Ya'u, mi ka gani?"

Na ce ƙafa ta miƙe. Na ce farfela sabuwa ce, ta fi ta da. Na ce inji lafiyarsa ƙalau. Kawu yana kallona, bai ko ƙifta ba.

"Fikafikan hwa?"

Sai na ɗauki ƙaramar gudumar na je gindin fiffiken hagu na ƙwanƙwasa sau uku. Wurin ya yi tsit, kowa ya ji. Manoma ne dukansu, babu wanda azarar ɗakinsa ba ta taɓa yi masa wannan amsar ba.

"Gara," in ji mai unguwa a hankali. Ya juya ya ce, "Baba Haladu, sai haƙuri."

Ba wanda ya yi dariya. Kawu ya miƙe, ya sa hularsa, ya ce, "Allah shi yi maka albarka, Ya'u. Ka iya aiki." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na ɗauka Binta za ta yi murna. Na same ta bayan ɗaki tana kuka a gaban murhu. Na ce ba abin da kike so ke nan ba? Ta ce, "Ƙarya na ce ka yi. Da ƙarya ka yi, da ya ce ba ka iya ba, gobe ya tashi ya ɗauki zartonshi ya ci gaba. Shekara ukku abin ga ne ke tashe shi da sahe. Yanzu mi zai tashe shi?"

Da gari ya waye ƙarar zarto ce ta fito da ni. Kawu ne da kansa yake yanka fiffiken. Ya ce in kama masa. Muka yaye yadin a hankali, ya ce a shimfiɗa shi kan rufin ɗakin Binta, yana yoyo ta kusurwa. Injin ya ce a kai wa wani mai lambu a haɗa masa famfo. Kujerar yara suka ɗauka. Azarar ko wuta ba za ta yi ba, muna ɗagawa ta rabe biyu a hannunmu. Waldar da na yi kwana uku ina yi, ni na sa abin yanka na raba ta. Kafin azahar babu komai a ƙarƙashin rumfar sai farfela, ita ce kaɗai ya shigar ɗaki. Ya tattara kusoshi da ƙananan ƙarafa a wani tsohon buhu ya ce in tafi da su, za su yi mini amfani a gareji. Ya rako ni har bakin titi, ya ce in gaida tsohuwata, kada in gaya mata komai.

Na juyo ta hanyar da na zo. A shingen Faskari dogon nan mai layu ya gane ni, ya ce, "A'a, mai jirgi! Ya tashi?" Na ce bai tashi ba. Dattijon da ya sa aka sake ni yana gefe, ya dubi fuskata, ya ce wa dogon ya bar ni in wuce. Na mayar wa Isiya injinsa, na kwana, na kamo hanyar gida.

Sai da na kwana biyu a Ƙanƙara sannan na zazzage buhun Kawu a ƙasan gareji. Cikin kusoshin sai ga mabuɗin nan da igiyarsa ta fata. Na ce tsoho ya yi mantuwa, yanzu yana can yana nema. Nan take na kira Binta na ce ta gaya masa ya kwantar da hankalinsa, mabuɗin gida yana hannuna, zan ba direba ya kawo. Na ji ta ɗaga murya tana faɗa masa. Sannan na jiyo muryarsa daga nesa, kamar daga kwance yake magana.

"Ce mashi ba mantuwa ba ce. Tagulla ce mai kyau, ya narka ya liƙe wani abu da ita."

Ban narka ba. Yana nan rataye a ƙusa bayan ƙofar gareji, duk mai son ganin abin da ya rage na jirgin ya zo in nuna masa.